Don Anselmo, Mai Ɗaure Karnukan Jama'a

Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, Allah ya karɓi ran Don Anselmo Huenchul a asibiti a Valdivia ta ƙasar Chile, bayan gajeriyar jinya. Mu da muke hawan tudun dajin gwamnati da karnukanmu duk Lahadi mun yi babban rashi.

Don Anselmo, ba zan ce kai mai haƙuri ne ba, don ka san ƙarya nake. Tun ranar da karen wani baƙo ya kori 'yar barewar nan pudu har ta karye a ƙafa, Señora Nélida mai gadin dajin ta rantse za ta kai magana gaban kwamitin dajin a hana karnuka shiga gaba ɗaya. Kai kuwa ba ka da wani jin daɗi a duniya da ya wuce hawan nan da Canela, karyarka mai ƙiba da son jiki, wadda kai kake saɓo ta a kafaɗa rabin hanya.

Sai ka naɗa kanka sarkin igiya, ba wanda ya sa ka. Kana tsaye a bakin ƙofar dajin, duk wanda ya zo da kare sake sai ka miƙa masa igiya. Ka ce da wani lauya daga Santiago, "Maigida, ko ka ɗaure shi, ko in ɗaure ku tare." Mun daɗe muna yaba kyautarka kafin mu gane igiyar shanyar matarka, Doña Herminia, kake yankowa. Ta sha tsintar wandunanka a cikin laka, ta kuma sha barin su a can.

Señora Nélida ma ba ka bar ta ta huta ba. Ko ta ɗaga kofin shayin mate za ta kurɓa, kana bakin tagar ofishinta kana kawo ƙara, har ƙarar karen limamin cocinmu. Ta kan ce, "Don Anselmo, wai ni ce mai gadin nan ko kai?" Ka ce, "Ke ce, ranki ya daɗe. Ni aikin kawai nake yi."

Kwamitin ya zauna bayan mun binne ka. Mun je jiki a sanyaye, domin mai bakinmu ba ya nan. Señora Nélida ta miƙe ta ce tun da ka fara tsayuwa a ƙofar nan ba a sake korar pudu ko ɗaya ba, don haka ta janye ƙararta, a bar karnuka su shiga a ɗaure. Da muka fito na je yi mata godiya, ta kau da kai ta ce, "Ba don ku na yi ba. Lahadin nan na sha mate ɗina har ƙarshe ba wanda ya buga mini taga, kuma wallahi bai yi mini daɗi ba." Ni ma a nan hawaye ya ƙwace mini.

Allah ya jiƙanka, Don Anselmo, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta. Doña Herminia da 'ya'ya da jikoki, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu kuma da za mu riƙa saɓa Canela bi da bi, Allah ya ƙara mana ƙarfin baya.