Gansakukar da Kaka ke shinshinawa

Jiya da safe a Deira, ina jiran abra, ƙaramin jirgin ruwa na fito, zan tsallaka zuwa Bur Dubai, sai na ga gansakuka a matakalar bakin ruwa. Ban san lokacin da na durƙusa na shafo ta na kai hanci ba. Mai jirgin ya ce da Larabci, "Yalla, habibi!" wato in zo mu tafi. Ni kuwa tuni hankalina ya koma fadamarmu, wajen Kaka.

Marigayiyar ba ta wuce gansakuka sai ta shinshina. Shekarar da fadamar ta bushe, Baba ya ce sayar da ita zai yi. Kaka ta ja ni muka bi gindin ciyayi, har ta tsinto wata koriya mai laushi kamar auduga. Ta matse ta a tafina, ga sanyi, ga ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko.

Ta ce, "Mai santsi ta kwantaccen ruwa ce. Wannan kuwa ba ta zama sai kusa da idon ruwa. Kira ubanka."

Aka haƙa, kafin la'asar ruwa ya ɓulɓulo. Albasar wurin ake aiko mini har yau.

Allah Ya sanyaya makwancinki, Kaka, yadda kika sanyaya tafina.