Mai Riƙon Igiya

Ni ba mai ilimi ba ne, kada ku jira kwalliyar magana daga gare ni. Aji huɗu na yi a lakwal anka kore ni, kuma ɗan rubutun nan ma Ummaru ne ya cusa mini shi, ba mushe malamin aji ba.

Ummaru maƙwabcinmu ne a Badaguishiri, ya girme ni da shekara biyar. Shi ya koya mini dashen albasa, da ƙullin igiyar da ba ya kwancewa, da kama bakina in manya na magana. Farkon shekarun dubu biyu, in ɗari ya shigo, bayan isha'i muna taruwa ƙofar ɗakin kakata Dije. Dokarta guda ce: wanda bai kawo kara ba, ba ya jin wuta. Ni malalaci ne. Kullum Ummaru zai ɗauko runguma biyu ya ce ɗaya tawa ce, kuma Kaka ta sani sarai.

"Kai, mijin banza," take ce mini, "ranar da Ummaru ya yi aure ɗari na kashe ka."

Sai ta tura kara cikin wuta, ta ce ga ta nan tahe, mu ce ta iso mu ji.

Tatsuniyar da ta tsaya mini a rai ita ce ta abokai biyu da sunka tahi ginin rijiya cikin daji. Ɗaya ya shiga rami, ɗaya na sama riƙe da igiya. Sai ga 'yan biki na wucewa da kiɗa. Na saman ya ce bari in leƙa in dawo, ya ɗaure igiyar ga kalgo, akuya ta zo ta cinye ta. Kwana bakwai na cikin ramin yana kira. Wata kurciya ta ji tausai, ta riƙa jeho mishi ƙasa da bakinta, yana takawa, har ramin ya cika ya hito.

Mu duka munka yi ajiyar zuciya, ban da Ummaru.

"Kaka, wanga zance bai yi ba. Ramin garka rairayi ne, ina ya ga kwana bakwai? Kuma mai igiya ba riƙo kaɗai ne aikinshi ba. Shi ne idon na ƙasa. Bakin rami yake kallo, in ya ga tsaga ya yi kira, ya ja."

"To malam, tatsuniya muke ko huɗuba? Tashi ka ƙara mana kara!"

Munka yi ta dariya, har shi.

Shekaru sunka shuɗe, Kaka ta rasu, ni na samu tsohon moto ina ɗauko isansi, man moto, daga Ƙonni. Rijiyar garkar Ummaru ta ƙahe, albasarshi ta hwara kwanciya. Ran Alhamis ya tare ni bakin hanya, mu biyu kaɗai.

"Haro, jibi zan nitsa sabon rami. Ka zo ka riƙa mini igiya."

"Ina nan tahe, yaya."

Da sahiyar Asabar wani ya ce in kai shi Ƙonni. Na ce ma raina, in je in dawo kahin azahar, rami ba gudu zai yi ba. Can na tarar da abokai, munka zauna shan shayi.

Ummaru ya jira ni har rana ta take. Masu garkar kusa sun gan shi zaune bakin ramin yana duban hanya, ba su san wa yake jira ba. Daga baya ya ɗaure igiyar ga turke ya shiga shi kaɗai. Ramin ya rushe kanshi, sai la'asar anka tono shi. Ko da na iso an riga an yi mishi wanka.

Wurin zaman makoki mutane na cewa, yaro mai hankali, mi ya kai shi ganganci haka? Ina zaune cikinsu, ban ce uffan ba. Har yau ban ce ba. Ganganci ya zama sunan mutuwarshi, ni na bari anka sa mata shi.

Yanzu hurhura ta hwara hito mini, na gane abin da muke yi gaban wutar nan. Kowane yaro cikinmu ɗaukar kanshi yake na cikin rami, wanda anka yi ma rashin amana. Ba wanda ya taɓa cewa, watakila ni ne wanda zai bi kiɗa. Shi ya sa ba ni yi ma ɗiyana tatsuniya. Uwarsu na cewa baƙin hali ne. Bari ta ce.

Inna Tsahara, mahaihiyar Ummaru, tana nan da rai, idanunta sun tahi. Kowace salla ina zuwa gaishe ta. Ta laluba ta kama hannuna, ta riƙe gam.

"Haro, ɗana. Da kana cikin gari ran nan, da bai shiga shi kaɗai ba."

Sai in ce, "Haka ne, Inna."