Tsohon Tob ɗin Abdulƙahar

Duk wanda mukayyif ɗinsa, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya taɓa mutuwa a unguwar Sa'alaba ta Jidda ana tsakiyar zafi ya san Abdulƙahar. Gajere ne, mai tumbi, mai dariya kamar ana yi masa cakulkuli. A Jidda aka haife shi, haka ma babansa. Kakansa ne ya tako daga Daura da ƙafa don aikin Hajji, da ya gama ya ce ƙafar ta gaji, ya zauna. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne sana'ar Abdulƙahar, kuma ita ce ta jawo masa karnuka.

Wani Bature da kwangilarsa ta ƙare ne ya bar masa su: haski biyu, irin na ƙasashen ƙanƙara, gashi buzu-buzu, ido shuɗi. Ya ce a duk Jidda gidan mai gyara ne kaɗai sanyi ba zai yanke ba. Abdulƙahar ya gina musu ɗaki a tsakar gida, ya raɗa wa namijin Ƙanƙara, macen kuma Raɓa. Kai, wa ya isa ya shiga tsakaninsu! Kwano ɗaya, tabarma ɗaya. In aka kai ɗaya allura, ɗayan ya yi ta zuba kuka har maƙwabta su leƙo.

Saboda salla, Abdulƙahar ya ware wani tsohon tob, doguwar rigar nan ta Larabawa, da ba ya zuwa wajen karnukan sai da shi. In ya gama ya rataye shi a ƙusa, ya yi wanka, ya sa mai tsarki. Tob ɗin ya sha yawu da gashi har launinsa ya ɓace. Matarsa Mastura ta tsane shi, ko wucewa za ta yi sai ta toshe hanci.

Wata rana ya je aiki unguwar Madain Fahd, ya tsinci 'yar kwikwiya a ƙarƙashin mota tana lasar ruwan da ke ɗiga daga mukayyif. Siririya, ja, duk haƙarƙari a waje. Zuciyarsa ta karye nan take. Ya kawo ta gida yana washe baki, ya sa mata suna Taliya.

"Ya Abu Shahad, mu ne muka buɗe gidan karnuka?" in ji Mastura.

"Baƙuwa ce, ya Umm Shahad. Dube ta fa, miskina!"

To, baƙuwa ai sai an karrama ta. Ya wanke Taliya da sabulun 'yarsa Shahad, ya ɗauko kasko ya turara ta da bakhur, gaba da baya, kamar amarya. Sannan ya kai ta ɗakin manyan karnukan yana faɗin marhaba. Ƙanƙara ya sansana, ya yi atishawa, ya yi gurnani. Raɓa ta ɗaga kai sama ta saki kuka. Taliya ta fita a guje ta shige bayan tukunyar gas. Kashegari ya ƙara turare, wai jiya bai kama ba. Abin ya fi muni, har maƙwabci ya zo ya buga ƙofa.

"Halas," in ji Mastura. "In aka sauko Juma'a ba su shirya ba, ka mai da ita inda ka samo ta."

Dariyar Abdulƙahar ta ɗauke. Ya san ƙarƙashin motar nan, ya san zafin kwalta, ya san Taliya ba za ta kai ƙarshen bazara a can ba. Ya kulle ta a ɗakin ajiya, ya fita aiki ranar Alhamis.

Yana fita Mastura ta ga dama ta samu. Ta sa sandar tsintsiya ta zaro tob ɗin daga ƙusa, ta wurga shi ɗakin ajiya, da niyyar ya bi bola tare da kwikwiyar.

Da safiyar Juma'a Abdulƙahar ya nemi tob ya rasa. Ya buɗe ɗakin ajiya daga shi sai singileti da zane, sai ga Taliya ta fito fit, ta cusa kai ta wuyan tob ɗin tana jan sa a ƙasa. Ashe a ciki ta kwana tana birgima. Kafin ya cafke ta, ta faɗa ɗakin manya.

"Ya Latif!" Ya runtse ido.

Shiru. Da ya buɗe, Ƙanƙara na sansana ta daga hanci har bindi, yana jin warin kansa da na Raɓa da na maigida. Raɓa ta lashe mata kunne, ta matsa ta ba ta wuri a tabarma, daidai inda sanyi ke sauka.

Abdulƙahar ya daka tsalle, tumbi na rawa, yana riƙe da zane kada ya kwance. "Umm Shahad! Ta'ali, zo ki gani! Ke kika jefa mata tob ɗin, ko? Ke ce kika shirya su, wallahi ke ce!"

Mastura ta zo ta tsaya bakin ƙofa, hannu a hanci. Ta daɗe tana kallon Taliya, wadda ta riga ta yi barci tsakanin manyan biyu, cikin tob. Abdulƙahar ya miƙa hannu a hankali zai zare rigarsa, sai ta buge hannun.

"Bar mata kayanta," in ji ta. "Yalla, je ka yi wanka kada ka rasa huɗuba. In za ka dawo, ka sayo kwano babba."