Littafin Yaya Usaini da Na Riƙe Shekara Shida

Shekara shida ke nan da rasuwar Yaya Usaini, ɗan wan mahaifina, malamin gona, wanda ya fara jan hannuna zuwa cikin marubuta. Allah Ya jiƙansa. Duk shekara idan damina ta yi nisa, kogin Haɗeja ya cika ya fara shiga gonakin shinkafa, sai in ce bana zan yi rubutu a kansa, sai kuma in kasa. Bana dai na daure, domin akwai abin da na yi masa wanda ya kamata a ji daga bakina.

Mu bakwai ne a lokacin. Kowace Asabar da hantsi muke haɗuwa a wani aji na firamare, mu ɗosana a bencin yara, gwiwoyinmu na dukan tebur. Shi kan iso a babur daga Kafin Hausa, ƙafar wandonsa duk laka. Ba mu taɓa naɗa shi shugaba ba, amma dokarsa muke bi. Marubuci ba ya karanta labarinsa da kansa. Tun kafin ranarka za ka ɗaure littafinka da zare ka miƙa wa wanda zai karanta, don kada ka koma gida ka yi ta kwaskwarima. Mai karatu kuma ba ya kwance zaren sai a gaban jama'a. Duk inda harshensa ya harɗe, Yaya Usaini ya ɗiga jan biro a takardarsa, don a ganinsa jimlar ce ba ta da lafiya. Kai kuwa mai labari sai ka ja bakinka ka yi shiru har a gama da kai.

Ranar da aka fara karanta nawa, Malam Bitrus ne ya karanta, wani malamin lissafi ɗan kudancin Kaduna, mai murya kamar ta gidan rediyo. Duk da haka ya yi ta harɗewa har na daina ƙirgawa. Aka ce masunta a labarina suna magana kamar masu wa'azi. Aka ce shafi huɗu na farko gaisuwa ce kawai. Na fito idona jajir. Yaya Usaini yana tayar da babur ya ce, "Hajara, gara ki ji kunya a gaban mutum shida da ki ji ta a kasuwa." Kwana uku ban gaishe shi ba. Amma a bencin nan na koyi duk abin da na sani, kuma littattafan da ake kirana marubuciya saboda su, babu wanda ba ya ɗauke da ɗigon jan bironsa.

Shekara uku yana gyara namu, nasa bai taɓa zuwa ba. Muka yi ta tsokanarsa cewa wanzami ne mai tsoron aska. Rannan sai ga shi da littafin rubutu guda biyu, irin na 'yan makaranta, ɗaure da zaren buhu. Ni ya miƙa wa. Asabar mai zuwa tasa ce, ni ce mai karatu.

A cikin makon nan wani mai buga littattafai a Kano ya aiko cewa in kawo nawa kafin ƙarshen wata. A wurinmu kuwa ba a kai labari maɗaba'a sai an karanta shi a aji. Na kira Yaya Usaini na roƙe shi ranarsa. Ko jim bai yi ba, ya ce, "Ɗauka mana, nawa ba sauri yake ba." Aka karanta nawa, aka gyara, ya tafi Kano. Asabar ta gaba ruwa ya yanke hanya, ajinmu ya cika da mutanen da ambaliya ta koro da tabarminsu da tukwanensu. Shi kuma yana can cikin manoma, ruwa har ƙugu, ana ceton abin da za a iya. Zazzaɓi ya kama shi. Kafin ruwan ya janye mun binne shi.

Littattafan suna cikin akwatina tun daga ranar. Na sha ɗauko su in mayar. Na gaya wa kaina doka nake bi, ba a kwance zare sai a gaban jama'a, jama'ar kuwa ta watse, an yi wa wannan canjin wurin aiki, waccan ta yi aure a nesa. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Har yau idan na rubuta jimla mai nauyi nakan ji ƙarar biro a kan takarda, in waiga, babu kowa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yadda ake yi yanzu. Zaurukan marubuta sun koma cikin waya. Yarinya za ta saki babi da safe, kafin azahar an cika ta da yabo, ana ta "Allah Ya ƙara basira, a ci gaba." Na san zai ji daɗin ganin 'yar Miga tana da masu karatu har Gaya ba tare da ta roƙi kowa ba. Na kuma san zai tambaya, a cikin mutanen nan duka wa ke gaya mata inda ta yi kuskure, kuma yaushe take yin shiru ta saurara.

Watan jiya na je Kafin Hausa gaishe da matarsa, Yaya Talatu. Muna tsinke zogale ta ce, "Hajara, littafin nan na yayanki yana wurinki ko?" Na fara kame-kamen cewa ina neman wanda zai buga. Ta ce, "Ni ba bugu na tambaye ki ba. Kullum bayan la'asar yana zaune yana rubutu, in na ce ya karanta mini sai ya ce sai abokansa sun gyara. Ni ban iya karanta rubutunsa ba. Ji kawai nake so in yi."

Na koma da littattafan bayan kwana biyu, na kwance zaren a gabanta. Labarin wani mai fito ne a fadamar Baturiya, wanda ya ƙetarar da mutum bai tambayi sunansa ba, daga baya aka zo neman mutumin. Na karanta littafi na farko, harshena bai harɗe ko sau ɗaya ba. Yaya Talatu ce ma ta tsayar da ni sau biyu tana dariya, ta ce ba haka ake kyafa kifi ba, mijinta bai taɓa tsayawa ya kalla ba. A tsakiyar na biyu, daidai inda mai fiton ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, na juya shafi na tarar da shi fari. Na gaba ma fari. A can sama ya rubuta da fensir: "Ƙarshe sai na ji abin da za su ce."

Abin da ya bari a duniya ba shi da yawa. 'Ya'ya uku, da marubuta shida da suka san ɗacin gyara da amfaninsa, da labarin da ya fi duk abin da na taɓa rubutawa. Mutumin da ya koya mana sauraro ya yarda da mu har ya ƙi rufe labarinsa sai da bakinmu, ni kuma na karɓe ranar da za mu yi magana.

Yaya Talatu ta leƙo farin shafin. Ta ce, "To, sai aka yi yaya?" Na ce mata ban sani ba.