Zuma a Mitar Bai Doncho

Ku matso kusa, ku gyara zama, in ba ku labarin maƙwabciyata Velichka, matar da ban taɓa ganin ta sha gahawarta da zafi ba muddin mijinta yana wurin aiki.

A garin Botevgrad muka tsufa tare, ƙofarta na kallon tawa. Tun tana budurwa take aiki a masana'antar da ke haɗa mitocin gwajin wuta, irin ƙananan nan masu wayoyi biyu, ja da baƙi, da ma'aikacin lantarki ke sawa a aljihu. Tana liƙe da dalma, tana gwadawa, har idonta ya fara neman tabarau. Da aka rufe masana'antar sai ta kwaso kayan aikinta ta jera a baranda, tsakanin tulunan barkono da kwalaben tumatir, ta ci gaba da gyara wa mutane mita.

Mijinta Doncho, wanda muke ce wa Bai Doncho don girmamawa, shi ke kula da injinan tura ruwa na ƙauyukan da ke kewaye da mu. Mutum ne mai ƙaton ciki da ƙatuwar dariya, ya kuma yi imani da abu ɗaya: babu cutar da rakiya ba ta warkarwa. Wato giyar inabin nan da yake dafawa da kansa; da ita yake kurkure haƙori, da ita yake wanke ciwo, da ita yake goge gilashin mota.

Tun farkon aurensu Velichka ta kafa masa doka. Kafin ya yarda da mita in ta ce waya ba wuta, sai ya fara gwada ta a inda ya tabbata akwai wuta. Kullum da safe sai ta maimaita masa a bakin ƙofa, shi kuma kullum sai ya yi mata ba'a.

"To, shugabar masana'anta, na ji. In gwada mita, in gwada takalmi, in gwada hancina ko yana nan."

"Ka yi ta dariya, tsohon banza. Ranar da ka dawo a ƙone ni ba zan yi kuka ba."

"Za ki yi. Wa zai ci banitsarki, gurasar cukun nan mai gishiri, in ba ni ba?"

Wata safiya cikin hunturu, ina shanya, sai na ji ana dukan ƙofata kamar za a ɓalle ta. Velichka ce, da silifas, ba ko mayafi, riƙe da ɗan dunƙulen auduga.

"Rumyana, sansana wannan."

Na sansana. "Rakiya ce."

"Taɓa."

Na taɓa, yatsuna suka manne. Ta ce a kan teburinta ta tsince shi, kusa da sukundireba, ga kwalbar nan a gefe, wadda ƙanwarsa ta haɗa masa da zuma saboda tari. Jiya yana ƙorafin maɓallin mitarsa ya yi tauri, ba ya murɗuwa. Ta ce ya bari sai ta duba. Bai bari ba. Da ta fita sayen burodi ya buɗe mitar, ya wanke cikinta da maganinsa na komai, ya rufe, ya tafi aiki da ita.

Na ce, "To ki kira shi mana."

Ta kira a gabana. Muka ji wayar tana kuka a cikin gidansu, a aljihun rigar da ya rataye bayan ƙofa.

"Ɗauko makullin motarki," in ji ta. Muryarta ta yi ƙasa sosai, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Tsohuwar motata ba ta son sanyi, sai da na lallashe ta kafin ta tashi. Muka kama hanyar ƙauyen da ya ce zai je canja wayoyin injin. Ƙanƙara ta rufe kwalta, ba damar gudu. Velichka ta dafe gaban mota da hannu biyu kamar tana tura ta.

Na ce, don in kwantar mata da hankali, "Haba, ɗan zuma ne fa. In ta lalace ai ba za ta kunnu ba, sai ya haƙura ya dawo."

"Da za ta mutu da na gode wa Allah. Ba mutuwa za ta yi ba, ƙarya za ta yi masa."

Sai ta shiga yi mini bayani, idonta na kan hanya, kamar maganar ce ke hana ta ihu. Ta ce a cikin mitar akwai wani ɗan baƙin abu kamar ƙwayar kankana, shi ne mai ba da umarni. Ba ya gani, ba ya ji. Bai san inda ka murɗa maɓalli ba sai ya tambaya. A ƙarƙashin maɓallin akwai siraran layukan tagulla a zagaye, da 'yan yatsun ƙarfe masu taɓa wasu su bar wasu. Shi kuma ɗan baƙin abin yana bin layukan ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, an taɓa ka ko ba a taɓa ka ba? Amsa biyu kawai ya sani, i ko a'a. Daga jerin amsoshin yake gane aikin da aka sa shi. Sannan ya buɗe wata ƙofa ya rufe wata, wutar ta bi hanyar da ta dace, a auna ta, ya rubuta lamba a gilashi. Ya sake komawa tambaya, ba hutu.

"To zuman fa?"

"Zuma ba ya bushewa, Rumi, ruwa yake ja. In ya kwanta tsakanin layi biyu sai ya haɗa su. Wanda ya kamata ya ce a'a sai ya ce i. Doncho zai murɗa zuwa wutar gida, abin zai ɗauka wutar batir aka ce ya auna. Ta batir hanya ɗaya take bi. Ta gida kuwa gaba take yi ta dawo, gaba ta dawo. In ka auna ta da ma'aunin batir, tafiyar da dawowar sai su cinye juna."

"Sai ya nuna me?"

"Sifili. Zai kalli wayar da za ta iya kashe sa, mita ta ce masa ba komai."

Na ce ai dole akwai alama. Ta ce akwai, 'yar mitsitsiya a kusurwar gilashi, amma Doncho ba ya sa tabarau a wurin aiki, wai kada a ce ya tsufa.

Na ce, "Dokarki fa? In ya gwada ta a soket ai zai gane."

Ta yi wata irin dariya marar daɗi. "Kin taɓa jin ya ɗauki maganata? Ke ma a gabanki yake mayar da ita wasa."

Wata motar asibiti ta wuce mu da jiniya, ta nufi inda muka nufa. Velichka ta kama hannuna har farcenta ya shige ni. A mararraba motar ta karya hagu, mu muka yi dama, amma ba ta sake ni ba.

Ɗakin injin yana bayan ƙauye, gefen rafi. Motar Doncho na waje. Ƙofar a buɗe, ba motsi, ba ƙarar inji. Tun ban gama tsayawa ba Velichka ta dira, silifas ɗaya ya maƙale a ƙanƙara, ta bar shi.

"Doncho! Doncho!"

Na bi ta da gudu. Muka same shi zaune a kan bokiti, ya baje banitsa a cinya, gahawa na tafasa a ɗan rishon lantarki a gefensa. Akwatin wayoyin a buɗe, amma ko ƙusa bai kwance ba. Mitar na ƙasa, wayoyinta biyu a cikin soket ɗin da rishon ke ci, gilashinta na nuna sifili.

Ya dube mu, bakinsa cike. "Lafiya? Wa ya mutu?"

Velichka ta nuna mitar.

"Wannan? Ta haukace. Ga ruwa na tafasa a gabanta, wai ba wuta. Na ce bari in karya kumallo in kawo miki ita." Ya ɗan sunkuyar da kai. "Ina jin sanyi ne ya kama ta."

"Sanyi? Sanyi ko zuma, ɗan banzan tsoho?" Ta jefe shi da audugar. Sai kuma ta tsaya cak. "Tsaya. Ka gwada ta a soket?"

"To da fa?"

"Yau kaɗai?"

Ya goge baki da bayan hannu, ya kalli bango. "Kullum. Tun ranar da kika fara faɗa."

"Shi ne ka bar ni shekara da shekaru ina shan gahawa mai sanyi? Me ya hana ka gaya mini?"

"In gaya miki ki daina raka ni bakin ƙofa?"

Ta zauna a ƙasa, kan simintin nan mai sanyi, ta fashe da kukan da ta rantse ba za ta yi ba. Shi kuma ya cire hularsa ya naɗe mata ƙafar da ba takalmi.

Ta wanke mitar a ranar, ta kuma sayo ƙaramin kwado ta kulle akwatin sukundirebobinta. Na ɗauka daga nan hankalinta zai kwanta. Ina! Washegari na ji su a bakin ƙofa, tana karanta masa doka, yana tambayarta ko ya gwada kunnuwansa ma. Da na shiga wurinta da hantsi, ga kofinta a baranda ya huce, ita tana kallon hanya.

Na buɗe baki zan ce ta sha abinta, ai yanzu ta san yana ji. Ban dai faɗa ba. Ku da kuka taɓa zaman jiran wani ya dawo daga aiki, da kun ce mata ta daina?