Aiken da Aka Yi wa Hajjo Ungozoma

A unguwar su Hajjo a Gwandu, da wuya ka sami ɗan ƙasa da shekara talatin wanda ba ita ta yanke masa cibi ba. Wajen kakarta ta gaji aikin. Ko tuwo take tuƙawa, aka ce mata wance tana kan gwiwa, sai ta bar muciya cikin tukunya ta ja mayafi. Mijinta ya rasu tun ɗansu Lawali yana rarrafe, kuma ba ta sake aure ba.

Hannunta ya fara rawa shekarar da damina ta gaza, wajen 1984. Da farko na hagu ne kawai, ta riƙa ɓoye shi cikin zane. Bayan shekara biyu na dama ma ya kama. Wata safiya tana yi wa jaririn maƙwabciyarta Binta wanka, sai ya suɓuce mata, kansa ya nutse cikin ruwa. Nan take ta cafo shi, ya yi tari, ya tsala kuka, babu abin da ya same shi. Amma matan da ke ɗakin sun gani.

Daga ranar aka fara aikenta. Ba wanda zai iya duban idon matar da ta wanke shi yana jariri ya ce mata ta koma gida ta zauna. Don haka in naƙuda ta kama wata, tun a zaure ake tarar Hajjo.

"Inna, ba mu da ganyen runhu na wankan jego, kuma ke kaɗai kika san inda mai kyau yake."

Sai ta kama hanyar daji. Kafin ta dawo an kira wata ungozoma daga wata unguwa, an yanke cibi, an binne mabiyiya. A ce mata, "Abin ne ya zo da sauri, Inna." Wata rana aka tura ta ƙauyen Malisa ta sanar da dangin mai haihuwa, ta tarar sun riga sun taso. Wata rana kuma garin Dalijan, karɓo rubutu wajen wani malami wanda ashe ya tafi ci rani tun da kaka.

Sau uku tana yarda. A na huɗu, da za ta fita daga gidan mai jegon, ta ga damin runhun da ta sha rana ta yanko an jefar da shi bayan danga, ko kwance shi ba a yi ba, ga kuma wani ganyen yana tafasa kan murhu. Ta tsaya ta dube shi, ta wuce. Ba ta gaya wa kowa ba, don ta san ran da ta yi magana, ko aiken ma za a daina.

Abin da ya rage mata shi ne gidanta. Matar Lawali, Ladi, ta haifi biyu, duk a hannun Hajjo suka faɗo. Shekarar da aka ba Kebbi jiha, Ladi na da cikin na uku, Hajjo ta riƙa lissafin watanni a ranta. Ta tanadi sabuwar reza, ta jiƙa kanwa, ta tara itace.

Da hantsin wata Talata ciwo ya taso wa Ladi. Hajjo na hura wuta sai Lawali ya zo ya durƙusa gefenta.

"Inna, Ladi ta ce saiwar nan ta Inna Fatsuma take so, wadda ke sauƙaƙa naƙuda."

Fatsuma ƙanwar Hajjo ce, a Kalgo take aure.

"Kalgo, Lawali? Kafin in kai Birnin Kebbi Ladi ta sauka."

Ya sunkuyar da kai yana wasa da tsinke a ƙasa. "Ita ta roƙa, Inna."

Hajjo ta tashi ta leƙa ɗakin. Ladi na durƙushe, ta riƙe ƙafar gado, gumi na zuba.

"Ɗiyata, ke kika ce in tafi?"

"Ni ce, Inna," in ji Ladi, fuskarta na kallon bango.

Lawali ya raka ta tasha, ya sa ta a mota, bai bar wurin ba sai da motar ta tashi. Ta sauka Birnin Kebbi, ta sake shiga wata. La'asar ta yi mata a Kalgo. Tana sallama ta ga an share ɗaki, an shimfiɗa tabarma, ga fura a rufe da faifai.

"Wa kike jira?" ta tambayi Fatsuma.

Fatsuma ba ta iya ƙarya ba. "Ke, Yaya. Tun makon jiya Lawali ya aiko, ya ce in kin zo in riƙe ki kwana biyu."

"Saiwar hwa?"

"Rabona da ita tun kafin in aurar da autata."

Hajjo ta zauna kan tabarmar. Ba ta yi kuka ba. Fatsuma ta turo mata ƙwaryar wake ta ce ta taya ta tsinta, ita kuwa ta karɓa, duk da ta ga waken a tsince yake. Rabinsa ya watse ƙasa saboda rawar hannu.

A rana ta uku saƙo ya zo: mace aka haifa, uwa da ɗiya lafiya lau. Hajjo ta yi hamdala da zuciya ɗaya. An haihu a ɗakin da ta share da hannunta, kuma babu abin da ya ragu don ba ta nan.

Ta koma Gwandu ranar suna. Da ta miƙa hannu a ba ta jaririyar, aka ce ta zauna tukuna, aka ɗora mata ita a cinya, hannun Ladi kuwa bai bar ƙarƙashin kan yarinyar ba har aka ɗauke ta.

Washegari ta ce wa Lawali tana so ta koma wajen Fatsuma ta ɗan kwana biyu. Ta jira ya hana ta. Ya ce Allah ya kiyaye hanya.

A Kalgo ba wanda ya san ungozoma ce. Baƙuwar Fatsuma ake ce mata. In aka yi guɗar haihuwa a maƙwabta, ba ta tambayar mace ce ko namiji. Can ta rasu cikin daminar 1994. Ruwa ya ɓata hanya, saƙo bai isa Gwandu ba sai bayan an rufe ta.