Mangwaron Umma da Motocin Baƙi

Shekarar da sojoji suka koma bariki Baba ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya dawo Wudil da zama. Mutum ne da bai iya zaman banza ba. Da aka fara maganar buɗe jami'a a garin, sai ya ce malaman da za a ɗebo daga nesa ai ba a titi za su kwana ba. Ya gina ɗakuna a filin da ke jikin gidanmu, masauki na masu yin watanni, ba na baƙon kwana ɗaya ba.

A tsakiyar filin akwai mangwaron Umma. Daga lambun mahaifinta na Dagumawa ta zo da dashensa tana amarya. Tsohon ya rasu, an sayar da lambun, bishiyar nan kaɗai ta rage mata na gidansu. Ko ganye ka tsinka sai ka ji daga bakinta.

Lokacin ina koyarwa a firamare, kullum na taso sai na biyo ta gida. Ranar da Baba yake ware wurin ajiye motoci na tarar da shi yana zana layi da toka. Lissafinsa na zamanin rangadi ne, sa'ad da yake sauka a gidajen baƙi na gwamnati: baƙo ya iso da yamma, da safe ya kama hanya, wani ya maye gurbinsa.

"Kuma malamin makaranta da mota?" in ji shi. "A cikin uku da ƙyar a sami ɗaya."

Maganar ta sosa mini rai, amma ban yi musu ba, don ni ma da ƙafa na zo.

Ba a daɗe ba gwamnatin farar hula ta gyara albashi, malaman nan suka shiga sayen motoci 'yan Kwatano kamar ana rabawa. Duk wanda ya shigo da tasa, Baba ne kan gaba wajen yi masa addu'ar Allah ya tsare. Abin da bai hango ba shi ne, motar mai dogon zama ba ta motsi. Makaranta kusa take, sai su hau acaɓa, su bar motar lulluɓe da tamfol har ranar tafiya gida. Ran Juma'a kuwa 'yan'uwansu masu zuwa cin kasuwa su ma nan suke ajiye nasu, Baba kuma bai taɓa iya ce wa baƙon baƙonsa ya fita ba.

Wata safiya aka aiko wa wani malami cewa matarsa na naƙuda a Kano, ga motarsa an toshe ta gaba da baya. Sai da aka bi ɗaki-ɗaki ana neman masu makullai, ɗaya ma ya riga ya tafi aji. Baba ya ji kunya matuƙa. Da rana ya shigo cikin gida, ya tsaya yana gyara hular da ba ta karkace ba.

"Hajiya, mangwaron nan sai dai a yi haƙuri. Zan kira masu sara."

"To, Malam," kawai ta ce, ta ci gaba da tsince shinkafa.

Na san wannan "to" ɗin. Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Baba, saboda ƙarfe?" Ya harare ni, amma ban bar maganar nan ba. Da zan fita na tsegunta wa babban cikin baƙin, wani dattijon malami mutumin Yola.

Ashe su ma ba su yarda ba. A ƙarƙashin bishiyar suke shimfiɗa tabarma bayan la'asar, kowa ya fito da abin da yake da shi a ci tare, sau da yawa har da kwanon da Umma ta aika. Dattijon ya sami Baba, bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Alhaji, ba fili ne ya yi kaɗan ba, jerin ne bai yi ba. Ni sai ƙarshen wata nake zuwa gida. Me tawa take yi a bakin ƙofa?"

Nan suka jera motocin bisa nisan garin kowa. Na Yola da na Sakkwato can ƙurya jikin katanga, na Bauci da Zariya a tsakiya, 'yan Kano masu tafiya duk mako a baki. Aka kafa ƙusa a zaure, kowa ya rataye makullinsa. Masu zuwa kasuwa aka roƙe su su tsaya a waje. Dabara ta yi kyau, sai dai da aka gama, mota ɗaya ta rasa gurbi.

Kowa ya san wadda ta cinye wurin. Tsohuwar Fijon Baba ce, wadda ya saya tun yana ƙaramin ma'aikaci. Shi yake wanke ta da kansa, ko ƙannena maza bai yarda su taɓa sitiyarinta ba. Ya dubi motar, ya dubi bishiyar, ya shige gida.

Washegari ya tuƙa ta zuwa Darki, ya bar wa ƙanensa, ya dawo a bayan acaɓa yana riƙe da babbar rigarsa kada iska ta ɗaga. Umma ta tare shi a tsakar gida.

"Malam, yanzu da ƙafa za ka riƙa zuwa ko'ina?"

"Likita ma ya ce in riƙa tattaki," in ji shi.

Baba bai ga likita ba a shekarar nan, mu duka mun sani. Umma ta juya ta shiga kicin. Da na bi ta na tarar tana share hawaye da bakin mayafi, tana zuba masa abinci, ta tsame naman da ke cikin miyar duka ta ɗora a kwanonsa.